Ƙofar da Mai Keke Ta Tsallake

Wata huɗu da rasuwar mijinta Injiniya, Mai Keke tana zaune a shagonta na ɗinki da hantsi tana farke hannun wata riga, sai ga Doguwa a bakin ƙofa. Doguwa ita ce wadda marigayin ya koya wa aiki a kamfanin sikeli. Shekara shida teburinta na jikin nasa. Sai da ta sunkuya kafin ta shigo, kamar yadda ta saba.

"Anti, ina kwana? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ɗauke yadin nan ki zauna, kada ki fasa mini rufin shago da kai."

Doguwa ta yi 'yar dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Ta zauna tana juya waya a hannu. Can ta ce ta zo ne a ba ta aron kwamfutar Malam, wadda yake aiki da ita a gida. Haka take kiransa, Malam.

Kamfanin nasu yana kafa manyan sikeli a ɗakunan ajiyar kaya, irin wanda babbar mota ke hawa da lodinta. Injiniya ne ya rubuta manhajar da ke karanta nauyin, ta cire nauyin motar, ta sa firinta ta buga wa direba takarda. Shekara goma sha shida manhajar tana aiki, ba wanda ya taɓa kuka da ita.

"Tsofaffin kwamfutocin da ke jikin sikelin sun gaji," in ji Doguwa. "An sayo sababbi, ƙanana, tsarinsu daban ne da na da. Mun ɗauki rubutun Malam mun ba kwamfaila ta harhaɗa shi don sabuwar na'urar, ta ƙi. Kin san kwamfaila, Anti? Ita ke juya abin da mutum ya rubuta ya koma abin da na'ura ke ganewa."

"Ina jin sunan a bakinsa," in ji Mai Keke. Ba ta ɗago kai daga rigar ba.

"Kuskure sama da ɗari take jerowa. Kuma abin da ya ɗaure mini kai, tsohon aikinsa tsaf yake. Duk ɓarnar a aikin watanninsa bakwai na ƙarshe take, lokacin da yake aiki daga gida. Kamar ba hannunsa ba."

Rezar ta zame ta yanki yadin. Mai Keke ta yi sauri ta rufe wurin da tafin hannu. Ta ce kwamfutar tana cikin akwati, sai ta nemo makulli, gobe za ta kai musu da kanta.

Makullin yana rataye a wuyanta. Kuma ta san hannun wa ne a wannan rubutun.

Ciwon suga ne ya ci idon Injiniya. Ya fara da ƙara girman rubutu, ya koma manna fuska a jikin allon, har ranar da ya zuba ruwa a gefen kofi yana zaton a ciki yake zubawa. Ya ce mata kada kowa ya ji. Ya gaya wa ofis ƙafa ce ke damunsa, zai riƙa aiki daga gida. Mutum ne mai gudun a tausaya masa. Tunda take da shi ba ta taɓa jin ya ce wayyo ba.

Sai ya zaunar da ita gaban kwamfutar. Ita da karatunta bai wuce firamare ba, amma ta san haruffa, kuma hannun da ya saba zura zare a allura ba ya ɓata ɗigo. Yana faɗa tana bugawa, harafi bayan harafi. In ta gama ta karanta masa. In ta manta waƙafi mai ɗigo a ƙarshen layi sai ya ce, "Hajiya tela, kin bar riga ba maɓalli." Ita kuma ta ce, "Malam makaho, da wane idon ka gani?" Su yi ta dariya su biyu a falo. A duniya ita kaɗai ce ta isa ta kira shi da wannan sunan.

Akwai doka ɗaya da ya kafa mata tun ranar farko. Ya ce umarnin da ake rubutawa iri biyu ne. Akwai na laburaren kowa, wanda duk kwamfutar duniya ta sani: lissafi, ajiye rubutu, jera sunaye. Akwai kuma na gida, wanda irin kwamfuta ɗaya ce kawai ta san shi: yin magana da wayar sikeli, tayar da firinta, share allo, sa na'ura ta ɗan jira.

"Kamar zare da allura ne," ya ce. "Zarenki zai hau kowane keke. Allurar kekenki kuwa in kika kai ta wani keken, ba lallai ta zauna ba."

Don haka duk umarnin gida ya tara su a fayil guda, ya sa masa suna ƙofa. Sauran manhajar ba ta taɓa sikeli ko firinta da kanta, sai ta aika ta ƙofa. Ranar da aka canza kwamfuta, in ji shi, wannan fayil ɗin kaɗai za a sake, sauran ba za a taɓa su ba.

Bin ƙofar nan aiki ne. Sai ka buɗe fayil ɗin ka rubuta sabon aiki ka raɗa masa suna, ka je wani fayil ka sanar da sunan, sannan ka dawo inda kake ka kira shi. Wuri uku saboda layi ɗaya.

Wata ranar Talata wata mata ta zauna mata a shago tun safe tana jiran kayan 'ya'yanta, tana aiko mata saƙo a waya ba ƙaƙƙautawa. Injiniya kuwa yana kishingiɗe yana faɗar yadda za a sa firinta ta buga kwafi na biyu. Mai Keke ta buɗe fayil ɗin ƙofa, ta ga ga layin da ke tayar da firintar nan a fili. Ta kwafe shi, ta kwafo layin da ke can sama wanda yake tafiya da shi, ta manna su inda ake bukata, kamar yadda take yanko ƙyalle ta yi faci. Ta danna. Kwamfaila ta karɓa shiru, ba ja ko ɗaya.

"Kin bi ta ƙofa?" ya tambaya.

"Na bi."

"Madalla da tela."

Da ta tsaya a wannan ɗaya, da da sauƙi. Amma abin ya yi aiki, ofis suka yaba, ita kuma ga shago, ga girki, ga allurar insulin, ga kai shi asibiti duk sati biyu. Sai ta mayar da shi hanya. In ya ce ta karanta masa, sai ta karanta abin da ya faɗa, ba abin da ta rubuta ba. Yana lumshe idon da ba ya gani yana gyaɗa kai. Ta riƙa cewa a ranta in ya samu sauƙi za ta gaya masa su gyara tare. Bai samu sauƙin ba.

Washegari ta naɗe kwamfutar a tawul ta sa a jaka ta tafi. Ofishin yana hawa na biyu, a saman filin da suke gwada sikeli. Ɗaki ne mai teburi huɗu da fanka mai ƙara. Teburin Injiniya yana nan jikin taga, amma wani ne a kai, sabon da aka ɗauka, mai faffaɗan tabarau. An ture kofin shayin marigayin gefe an cika shi da biro.

Manaja ya fito ya yi mata gaisuwa da ladabi, ya sa aka ba ta kujera da ruwa. Doguwa ta karɓi kwamfutar ta buɗe. Su uku suka duƙufa a kai, suka manta da ita, don ba wanda ya zaci matar da ke riƙe da jaka a cinya tana gane abin da suke faɗa.

"Iri ɗaya ne da namu," in ji Doguwa a sanyaye. "Na zaci ko akwai wani kwafin mai kyau a nan."

Mai Tabarau ya danna madanni. Jajayen layuka suka zubo a allon kamar an kwance famfo. "Duba nan, yallaɓai. Ba ta san wannan suna ba. Ba ta san wancan ba. Tsakiyar lissafin nauyi, ga umarnin firinta a zaune. Wannan ai ba rubutu ba ne, kwaɗo ne. Shi ne gwanin da ake ta ba ni labari?"

"Ka iya bakinka," in ji Doguwa. "Ba ka san shi ba."

"Na san aikinsa, ga shi a gabana. Jiya na canza sunan umarnin jira zuwa na sabuwar na'ura, na gwada. Ya rubuta ɗari biyar. A tsohuwar rabin daƙiƙa ke nan, a sabuwar minti takwas da wani abu. Direba ya hau sikeli ya yi ta danna oda har ya sauko ya tambaye ni ko sikelin ya tafi cin abinci ne."

Manaja ya murmusa, sai ya tuna wadda ke zaune, ya gyara fuska. Ya rage murya, amma ɗakin ƙarami ne.

"Ɗakunan ajiya goma sha ɗaya na jiranmu tun makon jiya. Dole in gaya musu wani abu yau. Na rubuta wasiƙa. Na ce mun tarar da aikin tsohon injiniyanmu ba shi da inganci, za mu sake sabo. Ƙarfe biyu zan aika."

"Yallaɓai, mutanen nan duk sun san shi," in ji Doguwa. "Shi ya kafa musu sikelin da hannunsa."

"To ƙarya na yi? Ke da kanki kin ce ɓarnar tasa ce. Wataƙila ciwon ya taɓa masa kai a ƙarshe, ba laifinsa ba ne. Allah ya jiƙansa."

Mai Keke ta miƙe. Bakinta ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "To, ni zan koma." Suka ce ta gaida gida. Ta sauko matakalar tana dafa bango.

A ƙasa akwai benci inda direbobi ke zama. Ta zauna a ƙarshensa. Wata babbar mota tana kan sikelin gwaji, lambobi na canzawa a wani allo mai jan haske. Ta yi ta kallonsu ba ta ganinsu.

In ta yi shiru, wasiƙa za ta tafi wuri goma sha ɗaya, mutanen da suka zo gaisuwarsa suna cewa ba a taɓa kama sikelinsa da ƙarya ba su karanta cewa aikinsa ba shi da inganci. In ta yi magana, ta tona abin da ya roƙe ta ta rufe. Kuma sai ta faɗa da bakinta, gaban wannan mai tabarau, cewa ta yi wa makaho ƙarya wata bakwai, mijinta, yana ce mata madalla. Wannan na ƙarshen shi ya fi riƙe mata ƙafa. Ta gane ba sirrinsa take karewa ba, fuskarta take karewa.

Wani direba ya leƙo ta tagar motarsa. "Mama, lafiya? Ko ke ma awo kika zo?"

Ta tambaye shi ƙarfe nawa. Ya ce ɗaya da kwata. Ta tashi.

Da ta tura ƙofar ofishin, Manaja yana tsaye bayan Doguwa yana karanta mata wasiƙar a wayarsa. Suka juyo.

"Anti, kin manta wani abu ne?"

"Ni na rubuta."

Ba wanda ya gane. Ta ajiye jakar a ƙasa.

"Wata bakwai ɗin nan ba ya gani. Ba ƙafa ba ce, ido ne. Ko fuskata ba ya gani. Yana faɗa ina bugawa. Duk abin da ya faɗa daidai ne, kansa garau yake har ranar da ya cika. Kullum sai ya ce in bi ta fayil ɗin ƙofa. Ni ce nake kwafo layin in manna don in gama da wuri. In ya tambaye ni in ce na bi."

Mai Tabarau ya cire tabaransa ya hau goge shi da gefen riga.

"Hajiya," in ji Manaja, "na san kina son kare mijinki, amma wannan aikin ba ɗinki ba ne."

"Ku buɗe inda ake buga kwafi na biyu na takardar direba. Za ku ga layi biyu ba su daidaita da sauran ba, sun shige ciki, don ban iya jera su ba a lokacin. Ɗari biyar ɗin da ya tsayar da direba, ni ce. Akwai irinta guda uku, ɗaya ɗari biyu ce."

Mai Tabarau ya mayar da tabarau ya bincika. Ya juya allon wajen Manaja.

Manaja ya zauna a bakin tebur. "Wato wata bakwai muna aika wa ɗakunan ajiya aikin da tela ta buga, ba wanda ya duba? Da sikeli ya yi ƙaryar nauyi fa? Kin san abin da zai same mu?"

"Na sani yanzu."

"Shi ma marigayin bai kyauta ba."

"Bai kyauta ba da ya ɓoye muku. Wannan ku riƙe shi da shi. Amma kada ku ce bai iya aikinsa ba. Wannan nawa ne."

Doguwa ta juyo wajen Mai Keke. Hawaye ne ke zuba a fuskarta, ba ta share ba. "Sau nawa na zo gidan, Anti? Sau nawa kika tare ni a falo kika ce yana barci? Da kun gaya mini, da ni zan zauna in buga masa. Ni ya koya wa. Da ko sallama na yi da shi."

Mai Keke ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta, wanda ƙurar filin ta rufe. Duk maganar Manaja ba ta shige ta kamar wannan ba.

Mai Tabarau ne ya yi magana, da murya daban da ta ɗazu. Ya ce in har ɓarnar faci ce aka yi a kan tsari mai kyau, ba sai an sake sabuwar manhaja ba. A cire facin a mayar da kowanne cikin ƙofa, a rubuta ƙofa ta biyu don sabuwar na'ura, a gaya wa kwamfaila wadda za ta ɗauka. Waɗanda ba ta san sunansu ba ita da kanta za ta nuna su. Matsalar ita ce waɗanda za ta haɗiye shiru, kamar lambobin jira, da sunan ramin da ake soka wayar sikeli, da yadda aka rubuta hanyar zuwa wurin ajiyar fayil. Waɗannan sai mota ta hau sikeli za a gane.

"Mama, za ki iya tuna wuraren?"

"Talatin da ɗaya ne," ta ce. Ba ta taɓa zama ta ƙirga su ba da niyya. Kowanne dai ta san ranarsa, ta san rigar da ke jikinsa, ta san abin da ya ce bayan ta ce na bi.

Aka jawo mata kujera tsakanin su biyun. Ta ce a bar ta ta buga da hannunta. Doguwa ta tura mata madannan ba tare da ta kalle ta ba. Suka fara daga kwafi na biyu. Ta buɗe ƙofa ta rubuta aikin, ta je ta sanar da sunan, ta dawo ta goge facinta ta kira shi. Minti shida ya ɗauka. Ta duba agogon bango don ta tabbata. Minti shida ne abin da ta guje wa ranar Talatar nan.

Ƙarfe biyu ta yi, ta wuce. Manaja yana ta shiga yana fita da waya a hannu. Duk bayan gyara uku sai Mai Tabarau ya danna, jajayen layukan su ragu. Ɗari da ashirin, tamanin da huɗu, sittin. Sau ɗaya ta manta waƙafi mai ɗigo, kwamfaila ta yi ƙorafi, Doguwa ta nuna mata wurin da bakin biro.

Wajen ƙarfe huɗu da rabi Manaja ya zo ya tsaya a kansu. Ya dubi allon ya daɗe. Sannan ya ajiye wayarsa a kan tebur inda Mai Keke za ta gani, ya ɗora yatsa a kan layin da ya ambaci tsohon injiniya, ya goge shi har ƙarshe. A wurinsa ya rubuta cewa ana daidaita manhajar da sababbin na'urori, za a kammala cikin kwana uku.

"In kana so ka rubuta matarsa ce, ka rubuta," ta ce.

"Ba zan rubuta kowa ba. Amma mai kamfani sai ya ji gaskiya, duka, har da ta idon."

"To, a bari ya ji," ta ce.

Ya aika wasiƙar a gabanta.

Da aka tashi aiki sun gyara ashirin da biyu. Yatsunta sun sage, bayanta ya riƙe. Doguwa ta rufe kwamfutar marigayin, ta sa a cikin durowarta ta kulle, maimakon ta mayar mata. Suka sauko matakala tare, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A bakin get Mai Keke ta tsaya.

"Doguwa, ki yafe mini."

Doguwa ta gyara jakarta a kafaɗa, tana kallon titi. "Ba yau ba, Anti. Saura tara. Gobe ƙarfe takwas."

Mai Keke ta ce to. Ta tsaya har Doguwa ta tsallaka titi, sannan ta nufi shago don ta rubuta takarda ta manna a ƙofa cewa gobe ba za a buɗe ba.